Sakin Takarda

Mai gadin kotun ya ciro kwalbar daga jakarta ya ɗaga ta sama, kai ka ce bam ya kama.

"Iya, wannan ba za ta shiga ba."

"Yaji ne," in ji Pang Shufen. "Barkono da tafarnuwa da gishiri. Buɗe ka sansana, in uwarka ba ta taɓa yi maka ba."

"Mama, bar masa," in ji 'yarta Huilan, tana jan hannun rigarta. "Mutane na jira a bayanmu."

"Su jira. Ni tun damina nake jira."

Ta dai bar masa, bayan ta ja masa kunne cewa ta san daidai inda yajin ya tsaya a jikin kwalbar. Don jikarta Miaomiao ta kawo shi, ko uban zai zo da ita. Suka hau bene, Shufen a gaba tana haki, Huilan a baya rungume da takardu kamar mai neman aiki.

Gara a faɗi yadda abin ya faru, tunda a cikin ginin nan ba wanda ya bari aka faɗa daga farko.

Shekarar da babban titi ya ratsa tsakiyar gonar Shufen a ƙauye, aka biya ta diyya. Mijinta ya riga ya mutu, 'yarta ɗaya tak. Ta tattara kuɗin ta damƙa wa surukinta, Kang Deming, ya haɗa da nasa suka sayi gida a wani dogon bene a birnin Changsha na ƙasar Sin. Ba ta ce ya rubuta mata komai ba. Wa ke neman takarda a hannun mutumin da ke ce masa Mama? Ta biyo su birni, aka ba ta ɗan ɗakin da ke jikin kicin, kuma tun ranar da aka fito da Miaomiao daga asibiti a jikinta take kwana. Iyayen su fita aiki da duhu, su dawo da duhu. Fitar haƙori, zazzaɓi, tatata, duk Shufen ce.

Sai shekarun nan suka zo da kowa ya haukace da sayen gida. Hukuma ta tsaurara wa miji da mata masu gida in suna son ƙara na biyu, amma macen da ba ta da aure ba ta da gida, ƙofa a buɗe take gare ta. Shi ke nan sai aka tsiro da sakin takarda. Dillalan gidaje da bakinsu suke koya wa mutane. A benensu kaɗai gida uku sun yi: a je ofis da safe a rabu, a dawo da yamma a kwanta gado ɗaya, a sayi gida, in an kwana biyu a koma a sake ɗaurawa. Har wasa ake yi a cikin lif, "Bazawara, ina kwana? Yaya tsohon mijin naki, ya tashi lafiya?"

Deming ne ya tsara komai. Tsohon gida ya zauna da sunansa. Yarinya ma a hannunsa, wai don makarantar unguwar sunan mai gida take bi. Huilan ta fito fes, ba gida ba 'ya a takarda, ta je ta sa hannu a kan sabon gida a wani bene da ake ginawa a ƙetaren kogi. Benen yana nan har yau, ba taga ba ƙofa, ciyawa ta tsiro a hawa na uku, masu ginin sun gudu. Banki kuwa bai gudu ba. Duk wata sai ya yanki rabin abin da take samu a shagon sayar da waya.

Maganar sake ɗaura aure, yau ya ce sai an gama gini, gobe ya ce aiki ya sha masa kai. Rannan a farkon damina Shufen ta dawo daga kasuwa da kifi mai rai yana mutsu-mutsu a leda, ta ɗora babban yatsanta a kan makullin ƙofa mai gane zanen yatsa kamar kullum. Ƙofa ta yi ƙara ta ƙi. Ta goge yatsan a riga ta sake. Ta lasa ta sake. Sai ga mai gadin bene ya hawo yana sosa ƙeya, ya ce kayansu suna ƙasa a cikin buhuna. A makon suka ji Deming ya auri wata Yating ta ofishinsu. Me zai hana shi? Takardar sakinsa ta gaske ce, da jan hatiminta.

Tun daga ranar ba su sake sa yarinyar a ido ba.

Ɗakin sulhun ƙarami ne, tebur zagayayye, furen roba a tsakiya. Deming na zaune da farar riga, kusa da shi wani ɗan lauya da turarensa ya cika ɗakin. Babu Miaomiao. Shufen ta leƙa har bayan ƙofa.

Deming ya ɗan ɗaga daga kujera. "Anti, kun zo lafiya?"

"Anti? Wace ce Anti a nan? Lokacin da kake tsotsar ƙashin agwagwata kana lasar yatsa ai Mama nake. Ina yarinya?"

"Tana makaranta."

"Ka rame. Abincin sata ba ya zama a jiki, ko?"

Mai sulhun, Malama Tan, mace ce mai furfura a gaban goshi, da kwalbar shayi a gabanta. "Iya, zauna. Ƙarar ta 'yarki ce, ke ba kya ciki. Don girmanki na bari kika shigo."

Huilan ta fara bayani, murya can ƙasa, tana tsayawa tana duba takarda. Ba ta da lauya, ina kuɗinsa? Tana son a mayar mata da 'yarta, a kuma raba gidan. Ko rabi ba ta kai ba lauyan ya turo wata takarda tsakiyar tebur da yatsa biyu: yarjejeniyar rabuwa, ga sa hannunta, ga zanen yatsanta.

Shufen ta kasa zama. Ta zura hannu a aljihun ciki ta zaro wayarta. "Takarda? Ni ma da tawa shaidar. Huilan, kunna musu."

"Mama, na ce miki mu bari wanda ya san doka ya gani tukuna."

"Kunna, na ce!"

Bidiyon ranar sakin ne, wata maƙwabciya ta ɗauka. Tebur cike da kwanoni, agwagwar da Shufen ta yanka a tsakiya. Ga Deming, fuska ta yi ja da giya, ya ɗaga kofi: "Mama, ki sha! Yau 'yarki ta sake ni, baɗi mu masu gida biyu ne!" Aka kwashe da dariya. Ga Huilan tana kaɗa takardar sakin a saman kanta kamar tuta: "Ni na ce a bar masa gidan da 'yar, in huta da wanki!" Aka sake kwashewa. Ga Miaomiao a cinyar kakarta tana tafi, ba ta san me ake yi ba.

"To," in ji Shufen, ta buga tebur. "Kun ji da kunnenku. Wasa ne. Ga shi nan da bakinsa na ƙarya."

Lauyan ya gyara zama. "Malama, muna roƙon a ba mu kwafin wannan."

Huilan ta rufe fuska da hannu biyu.

Malama Tan ta kurɓi shayi, ta daɗe ba ta ajiye kwalbar ba. "Iya, ke ce ta huɗu da ta kawo mini irin wannan a watan nan. Doka ba ta san sakin wasa ba. An je ofis, an sa hannu, an rabu. Abin da ake iya kamawa shi ne in tilasta mata aka yi, ko aka yaudare ta. Ke kuma kin kawo mana ita tana dariya, tana faɗa da bakinta ita ta bayar."

"Dariyar wasa ce!"

"Na sani."

"Kin sani? Kin sani kike zaune kina shan shayi? Gonata fa? Gonar da aka tone kabarin mijina aka matsar da shi don titi ya wuce, kuɗinta ne a bangon gidan nan."

"Akwai shaida?"

"Duk ƙauyenmu shaida ne."

"Kina iya shigar da taki ƙarar daban. Zai ce kyauta kika ba su. Za a daɗe ana yi."

"Kyauta! Ka ji fa. To yarinyar? Ni na goya ta. Wannan da kike gani ko wandon kashinta bai taɓa wankewa ba. Ku tambaye shi da wane gefe take kwanciya."

"Doka ba ta ambaci kaka ba, Iya. Uwa tana da ikon ganin 'yarta, wannan zan tsaya a kai. Amma a cire yarinya daga inda take zaune sai da dalili mai ƙarfi. In ta cika shekara takwas, alƙali zai tambaye ta ita da kanta wa take so. Nawa take yanzu?"

"Bakwai," in ji Huilan ta cikin yatsunta.

Aka tashi ba a cimma komai ba. Shufen ta zagi lauyan, ta zagi furen roba, ta ce wa Malama Tan ranar da aka kulle ta a waje da kifi a hannu za ta san ko doka ta ambaci kaka. Matar ta riƙe mata ƙofa.

A bakin matakala Deming ya tarar da su. Ya sallami lauyan. Wayarsa na ta ruri a aljihu, yana kashewa tana sakewa.

"Anti, minti biyu."

"Ka sake ce mini Anti in tura ka ƙasan benen nan, ga alƙalai kusa."

Kusa-kusa sai ta ga idanunsa sun faɗa, wuyan rigarsa da datti. Ya ce uwarsa, wadda ya ɗauko daga garinsu don ta kula da yarinyar, ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, tana asibiti. Yating cikinta ya tsufa, likita ya ce ta kwanta kar ta motsa. Masu aiki biyu ya ɗauka, ɗaya ta gudu, ɗaya Miaomiao ta cije ta a hannu.

"Madalla," in ji Shufen. "Haƙoran sun yi amfani."

"Ba ta cin abinci. Sai ta cusa a kumatu ta je ta tofar a bayan gado. Ta koma fitsarin kwance."

Huilan ta dafa bango.

"Ɗakinki yana nan, ba a taɓa shi ba," in ji shi. "Ki dawo ki riƙe ta. Zan biya ki abin da ake biyan mai aiki."

"Ka biya ni? Da kuɗin wa, ɗan banza? Ka biya ni in share gidana?"

"Huilan kuma ta riƙa ganinta ranar Lahadi, a waje. Ba a gidan ba, Yating ba za ta ɗauka ba. Sharaɗina ɗaya. A janye ƙarar. Maganar gida ta mutu, taki da tata."

"In mun ƙi fa?" in ji Huilan. Karo na farko ke nan da ta dube shi ido cikin ido tun safe.

"In kun ƙi, akwai makarantar kwana a garinmu, suna karɓar 'yan aji ɗaya. Ba ni da yadda zan yi, Huilan. Ni ma mutum ne." Wayar ta sake ruri. "Ana tashinsu da la'asar. Yau ma ban san wa zai ɗauko ta ba. Ku kira ni."

Ya sauka yana amsa wayar, "Gani nan, gani nan."

Suka shiga wani shagon taliya a tsallaken titi. Aka kawo kwano biyu, ba wadda ta taɓa. Shufen ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Ƙafarta na ta kaɗawa a ƙarƙashin tebur har romo na zuba.

"Kar ma ki fara, Mama," in ji Huilan.

"Na ce wani abu?"

"Fuskarki ta faɗa. Ke kika hana ni barci kika ce mu kai shi ƙara. Ke kika ce ko za ki mutu a bakin kotu sai an biya ki gonarki."

"Har yanzu ina faɗa."

"To me? Ki je ki wanke wa matar nan ɗan kamfai? Ki dafa mata miyar jego? A gidan da gonar Baba..." Ta ture kwanonta gefe. "In na janye, me ya rage mini? Bene babu taga da bashin banki. Ke ki shiga ciki, ni in tsaya a titi kamar mai bara ina jiran Lahadi."

"Yanzu a ina kike tsaye?"

Huilan ta juya kai ta dubi titi.

"Ke, saurara. Kin ji abin da mai shayin nan ta ce. Takwas. Za su zaunar da ita su tambaye ta. Kin san me ake zuba mata a kunne tun damina? Ni ban sani ba, ke ba ki sani ba. In ya kai ta makarantar kwana, yarinyar da za ta shigo gaban alƙali ko fuskarki ba za ta ɗaga kai ta duba ba. Wanda ke taje mata kai da safe, shi take ji."

"Zai gane."

"Wannan? Mutumin da bai gane rigarsa ta yi datti ba?"

"Gonarki fa?"

Shufen ta ɗauki tsinken cin abinci ta ajiye. Ta ga layin bishiyoyin lemo da mijinta ya dasa, ta ga motar da ta tumɓuke su rana ɗaya.

"Ya ci," ta ce. "Ya ci ya shaƙe. Ban yafe ba, ki rubuta ki ajiye, ban yafe ba. Amma gona ba ta fitsarin kwance. Kira shi."

Huilan ta daɗe tana kallon wayar. Ta kira. Ba ta gaishe shi ba, ta ce gobe za ta dawo ta janye, Mama za ta ɗauko yarinya. Ta saurara, ta kashe.

"Ya ce zai yi wa malamarsu waya ya shaida mata." Ta share ido da bayan hannu. "Ki duba mini ko haƙorin nan na gaba ya fito."

Bas ɗin ya cika maƙil. Wani saurayi ya tashi ya ba Shufen kujera, ta ce ya zauna abinsa, ba ta gaji ba. Duk inda aka tsaya a fitila sai ta leƙa ta yi tsaki. Ta ce wa direban ko tura motar ake yi da an fi haka sauri. Ya ce, "Iya, sauka ki tura." Ta ce da ƙuruciyarta da tuni ta yi. Wata mata ta yi dariya, Shufen ta harare ta har ta daina.

Ta iske ƙofar makarantar ta cika da tsofaffi, kakanni maza da mata, wasu da babur mai lantarki, wasu da laima, wasu riƙe da ɗan abin taɓawa a leda. Ta kutsa da gwiwar hannu har gaban igiyar da aka gitta. Yara suka fara fitowa aji-aji, kowane layi da mai riƙe da allo a gaba. Ba ta iya karanta allon ba, fuska take bi. Layi ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce.

Saura kaɗan Miaomiao ta wuce ba ta gane ta ba. An aske dogon gashin nan da take kitsewa gida biyu, an bar shi kamar na namiji. Jakar ta fi bayanta faɗi. Tana ƙarshen layi, kai a ƙasa, tana jan takalmi.

"Miaomiao!"

Yarinyar ta ɗago. Ba ta rugo ba. Ta tsaya cak, ta dubi kakarta, ta waiwaya ta dubi malamarsu, ta sake duban kakarta.

Ita malamar, yarinya ce ɗanya mai tabarau. Ta dafa kafaɗar Miaomiao ta matso da ita bakin igiya, amma ba ta sake ta ba. Ta duba wayarta.

"Ke ce wadda Malam Kang ya ce za ta zo? Sabuwar mai aikin gidansu?"

Shufen ta ji jini ya hau mata kai. Bakinta ya buɗe. Maganar tana nan a shirye, da sunan ubansa da na uwarsa da na kakanninsa.

"Ki yi haƙuri da tambayar," in ji malamar. "Tun farkon zango aka bar mana umarni, kar a ba da ita ga kowa daga dangin uwarta. Sai na tabbatar."

Tsofaffin da ke kusa sun juyo suna kallo. Miaomiao ta ƙanƙame igiyar jakarta da hannu biyu. Idanunta kawai ta kafa wa kakarta.

Shufen ta rufe bakinta. Ta haɗiye.

"Ni ce," ta ce.

"Sunanki?"

"Pang."

"To, Anti Pang, ga ta nan. Yau ma ba ta ci abincin rana ba."

Aka ɗaga igiya. Shufen ta cire jakar daga bayan yarinyar ta rataya a nata. Suka bi gefen titi har suka wuce mai gasa dankali, suka sha kwana inda ba a hango ƙofar makarantar. A nan wasu 'yan yatsu masu sanyi suka lalubo tafin hannunta suka shige.

"Kaka," in ji Miaomiao a hankali, tana kallon gaba. "In mun je gida ma kar in faɗa?"

"A gida sun sani. Buɗe bakinki in gani."

Yarinyar ta buɗe. Haƙorin ya fito, a ɗan karkace.